Madubin da Ya Kife wa Malam Wata

Jikata Nana ce ke rubuta wannan, don ni ban yi allo mai nisa ba, boko kuwa ko ƙofarsa ban sani ba. Na ce mata ta sa shi yadda ya fito daga bakina, in kuka ya tsayar da ni ta jira, kada ta rubuta kukan. Wata goma sha ɗaya ke nan da aka kai maigidana Malam makwancinsa, kuma har yau in na ji ƙarar keke a zaure sai in gyara ɗankwali. Sunansa ba zai fito daga bakina ba. Ban faɗe shi yana da rai ba, ba zan fara yanzu ba. Mutanen Gwandu dai sun san shi da laƙabi biyu. Masu mutunci suna cewa Malam Mai-tabarau. Sauran suna cewa Wata-a-kife. Saboda na biyun nan ne na ce a kawo takarda.

Abin da ya tayar da maganar ɗan ƙanena ne, Lawwali, wanda ke koyarwa a firamare a Kalgo. Shi da samarin masallacin unguwarsu sun haɗa 'yan kuɗi za su sayi madubin hangen nesa, su riƙa duban jinjirin wata in azumi ya gabato. Niyya mai kyau ce. Amma da ya zo gaishe ni sai ya ce wai abin ba wuya, ya gani a waya: ka kafa, ka sa ido, wata ya zo maka har bakin hanci. Aron ƙafafun katako na ɗora madubi da Malam ya bari kawai ya zo nema. Bai zo tambaya ba. Wa zai tambayi tsohuwar da ba ta iya karanta abin da aka rubuta a jikin kwali?

To, ku masu waya, ku saurara. Na fi shekara arba'in ina taɓa gilashi.

Aikin farko da Malam ya ba ni shi ne neman noti. Sana'arsa gyaran tabarau ce, da duk wani abu mai gilashi da ake leƙawa ta cikinsa, kuma notin tabarau bai kai ƙwayar gero ba. In ɗaya ya suɓuce ya faɗi a daɓen ɗaki, sai in durƙusa da mayen ƙarfe da ya ciro daga tsohuwar rediyo, ina jansa a ƙasa har in ji ɗan ƙas. Shekara guda na yi a wannan matsayi. Daga nan aka ɗaga ni zuwa wankin tsumma. Tsumman goge gilashi tsohuwar farar riga ce ta auduga, wadda aka wanke har ta yi laushi kamar kunnen ɗan akuya, kuma ba a shanya shi a igiya inda iska za ta watsa masa yashi. A cikin kwano mai murfi yake bushewa. Kayan aikinmu duka tire ɗaya suke cika: hantsaki, 'yan sukundireba uku da Malam ya wasa da hannunsa daga wayar keke, robar hura iska, gashin zabuwa, kwalbar sipirit, da gwangwanin madara na ajiye notuna.

Ranar da na fara taɓa gilashi da kaina na ɓata shi. Tabarau ne na wani limami daga Dodoru. Malam ya fita alwala, na ga ƙura a kai, na kama bakin zanena na goge. Da safiyar nan na je fadama, ashe yashi ya maƙale a zanen. Layi uku na ja masa, kamar zanen fuska. Malam bai ɗaga murya ba. Ya saya wa liman wani gilashin daga aljihunsa, ya ƙulle wanda na ɓata a ƙyalle ya ba ni, ya ce in ajiye, malamina ke nan. Yana nan a cikin adakata har yau. Tun daga ranar na san gilashi lallashinsa ake yi. A fara hure ƙurar da roba, ba da baki ba, don numfashin mutum da yawu yake fita, na mai cin goro kuma da ja. Sai a bi da gashin zabuwa. Sai a ɗiga sipirit a tsumma, a fara daga tsakiya a zagayo zuwa baki, sau ɗaya. Yanzu ina ganin samari suna hura wa gilashi tururin baki suna dirje shi da gefen riga, suna ta hira. Sai in kau da kai.

Malam shi ke zuwa kasuwa. Dodoru da Masama a keke, Kalgo a mota. Ƙananan gyare-gyare yana yinsu nan take a kan tabarma, manyan kuma ya kawo gida, kuma da yake yatsuna sun fi nasa siranta, a hankali manyan suka zama nawa. Masu kaya ba su taɓa sani ba. Akwai wani maharbi daga Masama da ya kawo madubi mai ido biyu, wanda ya faɗo masa daga kan babur. Ya ce tun daga ranar in ya hangi zabuwa ɗaya sai ya ga biyu, ya rasa wadda zai harba, kansa kuma ya yi ta sara. A cikin irin wannan madubin akwai wasu gilasai masu kusurwa da ke juya haske, kuma in ɗaya ya goce ko da kaurin gashi ne, idanun mutum biyu sun raba hanya ke nan. Kwana uku na yi a kansa. Ina yanko ɗan siririn gwangwani ina cusawa a gefen gilashin, in rufe, in leƙa kan giginyar da ke bayan gidanmu, in buɗe, in rage. A rana ta uku giginya biyu suka koma ɗaya. Maharbin ya kawo wa Malam cinyar gada, ya yi ta yaba masa hannu a zaure. Ni kuma aka miƙo mini cinyar in dafa.

Wani masunci daga Kalgo ya kawo nasa, ya ce hazo ya shiga ciki ya ƙi fita. Da na buɗe sai na ga fararen zare-zare kamar yanar gizo sun mamaye gilashin daga ciki. Funfuna ce, danshin gulbi ya haife ta, kuma ta riga ta ci fuskar gilashin. Ba ta da magani. Shi ya sa duk wanda zai sayi na hannu, ya juya shi ya leƙa ta babban bakin a cikin haske. In ya ga yanar nan, ya mayar wa mai shi ko da kyauta aka ba shi. Wanda kuma ya sayi sabo, in damina ta shigo ya ajiye shi da ƙullin gawayi a cikin jakarsa.

Mafi yawan abin da ake kawo mana kuwa tarkace ne. Mutum ya dawo daga tafiya da madubi mai ƙyalli, ya saye shi don kwalinsa ya yi kyau, ya kawo wai a gyara masa don ba ya gani sosai. Me za a gyara? Ba lalacewa ya yi ba, haka aka haife shi. Sai in ɗan ƙwanƙwasa gilashin a haƙorina. Na gaske yana da sanyi, yana ba da ƙara siririya. Na roba ɗumi gare shi, kuma shiru yake kamar ka ciji ƙwarya.

Duban wata ba sana'ar ci ba ce, ba a biyan kowa. Amma shi ya sa aka san Malam. Duk ranar ashirin da tara ga Sha'aban, da ta watan azumi, yakan hau tudun da ke yamma da gari tun kafin rana ta faɗi, da wani tsohon madubi mai ido biyu da ya saya hannun tsohon soja. Ba ya ɗaga shi sai rana ta nitse gaba ɗaya, don wanda ya bari rana ta shiga masa ido ta cikin gilashi ya yi sallama da wannan idon. Yana lura da daidai inda ta faɗi, ya miƙa hannu ya auna yatsu daga ƙasa, ya bi wurin a hankali. In ya gani, sai ya hau keke ya je wurin dattawan da ke karɓar shaida. Su kuma ba sa karɓa haka nan. Sai sun tambaye ka ina rana ta faɗi, watan yana damanta ko hagunta, nawa ne tsayinsa daga ƙasa, kuma ina ƙahoninsa suka duba. Wannan ta ƙarshe ita ke kama maƙaryaci. Jinjirin wata cikinsa mai haske yana bin rana ne, rana kuwa tana ƙasa, saboda haka ƙahoninsa sama suke dubawa, kamar ƙwaryar da aka ajiye a ɗan karkace. Ba ya taɓa tsayawa a kife. Ni ma nakan duba daga tsakar gida, in kife turmi in hau, kuma sau da yawa nakan riga shi gani. Amma ba a karɓar shaidar mace a kan wata, don haka nawa ganin a cikin gida yake ƙarewa.

Shekarar da ta ɓata mana, idon Malam ya fara rauni. Bai faɗa ba, amma na lura yana miƙo mini notin da a da shi ke ɗaurawa. Sai maƙwabcinmu Alhaji Garba, ɗan kasuwa, ya dawo daga fatauci da wani dogon madubi fari mai ido ɗaya, a cikin kwali mai hoton taurari. Ya ce wannan yana kusanto da abu sau ɗaruruwa, na sojan nan wasan yara ne a gabansa. Alhaji bai taɓa leƙawa ta cikinsa ba, lambar da ke jikin kwalin kawai yake faɗa. Malam ya ƙwallafa rai. Suka daidaita a kan buhun shinkafa uku, Alhaji kuma ya riƙe kayansa sai da buhu na uku ya shiga rumbunsa, ranar ashirin da tara ga Sha'aban bayan la'asar. Daga kwali sai tudu. Malam bai gwada shi a kan komai ba. Duk madubin da ya taɓa gyarawa na maharba ne da sojoji da masunta, masu nuna abu a tsaye yadda Allah ya yi shi. Bai san akwai irin da aka ƙera don kallon taurari ba, wanda ke juya komai ƙasa ta koma sama, tunda tauraro ba shi da kai ba shi da ƙafa.

Mutane sun cika tudun don ganin sabon abu. Ƙafafun madubin sirara ne kamar na fara, ko tari aka yi sai ya yi rawa. Abin da yake nunawa na sama kuma bai fi bakin kwalba ba. Malam ya yi ta lalube, in ya tura dama abin ya gudu hagu, yana zaton noti ne ya kwance. Can jan magariba ya kusa ƙarewa sai ya kama shi. Ya gan shi sarai. Ya ɗaga kai ya duba da idonsa, idon bai kai ba. Ya hau keke.

Ni a lokacin ina kan turmi, kuma na gan shi da idona, siriri kamar yankan farce, ƙahoni a sama. Da keken ya biyo ta ƙofar gida da na tsayar da shi. Bai biyo ba.

A gaban dattawa ya amsa tambaya uku daidai. Sai aka zo ta ƙahoni. Ya san amsar da ake jira, ya ba da ita ya fi sau ashirin, da ya faɗe ta da ba wanda zai sani. Amma an ce masa ya faɗi abin da ya gani tsakaninsa da Allah. Waɗanda ke wurin sun ce ya sunkuyar da kai ya ce:

"Na san ba haka yake tsayawa ba. Amma ni a kife na gan shi."

Aka ƙi shaidarsa, kuma ban ga laifinsu ba, aikinsu suka yi. Bayan isha rediyo ta sanar an ga wata a wasu garuruwa, aka tashi da azumi. Washegari a majalisar ƙofar gida Alhaji Garba ya ce ai duniya duka ta ga wata a zaune, sai maƙwabcinsa ne ya gan shi a kife. Aka yi dariya. Kafin sallah sunan ya kai Kalgo.

Da safiyar farkon azumin na fitar da madubin tsakar gida na juya shi kan giginya. Sai na ga ganyenta a ƙasa, gindinta a sama, wani hankaka yana zaune a kai kamar jemage. Na kira Malam. Ya leƙa, ya daɗe, sannan ya zauna a kan turmin. Na ce ya ɗauka ya kai majalisa kowa ya gani. Ya ce a'a. Ya ce shi mai gyaran gilashi ne, ya je ya ba da shaida da kayan da bai gwada ba, wannan laifinsa ne ba na kowa ba, kuma ba zai bi mutane cikin azumi yana neman uzuri ba. Ya ce kada in yi musu da kowa a kansa. A ranar ya kwance madubin, ya cire gilasan, bututun kuma ya kafa shi a kan ɗakina ya zama indararo. Har yau shi ke zubar da ruwan damina. Aikin da ya fi iyawa ke nan.

Shekarar nan mun ji jiki. Wa zai ba da tabaraunsa ga mutumin da ke ganin wata a kife? A kasuwar Dodoru yakan shimfiɗa tabarma ya naɗe ta ba wanda ya tsaya, sai masu tambayarsa ko yau rana ta gabas ta fito. Shinkafa ta tafi, aiki ya tafi. Na koma yin ƙuli-ƙuli, da hannun da ya haɗa giginya biyu ta zama ɗaya. A hankali masu kaya suka dawo, don tabarau ba ya daina karyewa kuma ba wani mai gyara a kusa. Amma Malam bai sake zuwa gaban dattawa ba. Ya sassaƙa ƙafafu uku na maɗaci, masu nauyi, ya ɗaura tsohon madubin soja a kai, yana hawa tudu shi kaɗai, in ya gani ya dawo ya gaya mini. Shekara talatin haka. Ranar jana'izarsa ina cikin ɗaki na ji wani a bayan katanga yana tambaya ko gidan Wata-a-kife ne aka yi rasuwa. Nana, dakata.

To. Da Lawwali ya nemi ƙafafun, na ce ba zan ba da su ba sai na ga abin da za a ɗora musu. Bayan mako guda ya dawo da abokansa biyu a kan babura. Mai shagon da za su yi sayayyar abokinsa ne, ya ba su madubi biyu su zaɓa, don kuɗinsu na ɗaya ne. Suka shimfiɗa a zaure. Ɗaya gajere ne baƙi mai ido biyu, ba ado. Ɗayan dogo ne fari, a cikin kwali mai hoton taurari. Da na gan shi, sai kamar an ce ga wanda ya mutu ya dawo. Samarin kuwa duk a kansa suke. Ɗaya ya karanta mini lambar kwalin da ƙarfi, yadda ake yi wa kurma, ya ce sau ɗari biyar yake kusantarwa, gajeren kuwa sau bakwai kacal. Ya ce ko ɗan aji ɗaya ya san wanda ya fi.

Na ce masa yawan kusantarwa shi ne abin da mai kwali ke rubutawa da manyan baƙaƙe don ya san irinku za su zo. Jinjirin wata ba ƙanƙanta ce matsalarsa ba, dushewa ce. Abin da ake nema baki mai faɗi da zai kwashi haske, da fili mai yawa da za ka gani a lokaci guda, don ba ka san takamaiman inda yake ba, kuma ɗan lokaci kaɗan gare ka kafin ya bi rana. Na sa Lawwali ya karanta lambobi biyu da ke jikin gajeren. Ya ce bakwai da hamsin. Na ce ta farkon kusantarwa ce, ta biyun faɗin baki, kuma mai ƙaramin kuɗi ta biyun zai bi. Na sa ya leƙa cikin bakin dogon. Ya ce akwai wani zobe baƙi a ciki. Na ce shi ke nan, bakin da kake gani na ado ne, sun toshe rabinsa don su ɓoye munin gilashin. Na ɗaga kowanne nesa da fuskata ta wajen hasken ƙofa. A gajeren, ɗigon haske ya fito a wurin sa ido, zagayayye, ya kai ƙwayar wake. A dogon kamar hudar allura. Na girgiza su a kunnena, na ƙwanƙwasa a haƙorin da ya rage mini. Samarin suna ƙunshe dariya. Lawwali ya ce:

"Goggo, wanga zamani ya wuce gwaji da haƙori."

Na ce to, a fita da dogon waje a kafa, a gwada shi da rana tsaka, a kan abin da kowa ya san kamanninsa. Suka kafa a ƙofar gida. Na ce Lawwali ya ɗan taɓa shi da yatsa ya ga yaushe zai daina rawa. Sai da ya gaji da jira.

Alhaji Garba yana nan da ransa, ya tsufa ƙwarai, kullum yana kan kujerar roba a gindin dalbejiya tare da 'yan majalisarsa. Da ya ga farin bututu sai ya ɗaga murya ya tambaya ko an sake buɗe shago ne a gidan Wata-a-kife. Malam ya ce kada in yi musu, kuma ban yi ba. Daga cikin zaure na ce wa Lawwali ya juya madubin kan hasumiyar masallacin Juma'a, inda aka kafa watan ƙarfe a ƙololuwa, in ya kama shi kada ya ce komai, ya je ya gayyato Alhaji, tunda shi ne babba, shi ya kamata ya fara sa albarka. Lawwali ya daɗe yana lalube. Can sai ya kama shi. Ya waiwayo ya dube ni. Na nuna masa dalbejiya da haɓa.

Alhaji ya taso da sandarsa yana ba'a. Ya tura hularsa baya, ya rufe ido ɗaya, ya leƙa. Ya ɗago ya dubi hasumiyar da idonsa. Ya sake leƙawa. Ya ce wa Lawwali ai a kife ya ɗaura abin. Lawwali ya kwance, ya mirgina bututun, cikinsa ya koma bayansa, ya ɗaure. Alhaji ya leƙa karo na uku. Watan ƙarfe yana nan yadda yake, ƙahoni a ƙasa, hasumiya tana lilo daga sama. 'Yan majalisa suka taso ɗaya bayan ɗaya suna leƙawa, kuma ba wanda ya yi dariya. Sai na ce daga inda nake:

"Irin wanda ka sayar wa Malam ne, Alhaji. Nasa ga shi can a kan ɗakina, yana zubar da ruwa."

Ya ɗaga kai ya dubi indararon ta saman katanga. Sannan ya tako har bakin zaure, ya dafa sanda ya durƙusa, abin da gwiwarsa ba ta so. Ya tambaye ni ko Malam ya sani. Na ce tun washegari. Ya tambaya me ya hana shi faɗa. Na ce shi ya san dalilinsa, ni dai an hana ni musu. Sai ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a, ya kira shi da sunansa na yanka da na mahaifinsa, sau biyu, yadda duk majalisa ta ji. Na ce amin. Ban ce na yafe ba, don ba ni aka yi wa ba, kuma wanda aka yi wa yana inda ba a jin muryar Alhaji.

Samarin suka mayar da dogon cikin kwalinsa ba tare da an ce musu ba. Wanda ya karanta mini lamba shi ne ya ɗaure kwalin, bai yarda mun haɗa ido ba. Lawwali ya ɗauki gajeren ya leƙa hasumiya, ya ce ga ta tsaye, har yana ganin tsatsar da ke jikin watan. Na shiga ɗaki na fito da ƙafafun maɗacin, na nuna masa yadda Malam ke ɗaure madubi a kansu da robar tayar keke. Na gaya masa ya jira rana ta nitse, ya lura da inda ta faɗi, ya auna da yatsu. Na ce in ya kama wata a gilashi ya yi ƙoƙari ya same shi da idonsa ma. In kuma dattawa suka tambaye shi ƙahoni, ya faɗi abin da ya gani ko da za a yi masa dariya, amma ya tabbata ya gwada kayansa da rana tukuna. Ya ɗaure ƙafafun a bayan babur. Sai da ƙararsa ta ɓace na lura kusurwar ɗakin da suke jingine ta zama fili, na zauna na yi kukana.

Shekaranjiya wata mata daga Masama ta yi sallama, da tabaraun mijinta a ƙulle a gefen mayafi, hannu ɗaya ya cire. Ta ce ta tambaya a gindin dalbejiya ko akwai mai gyara, wani tsoho mai sanda ya nuna mata nan, ya ce gidan Malam Mai-tabarau ke nan, kuma ta nemi matarsa. Na ce ta zauna. Na jawo tire, na zazzage gwangwanin madara a tafin hannuna, na laluba da yatsa har na samu daidai shi. Noti ɗaya ne ya faɗi.